Ɗura da Ɗigo

Zawo ya kama Salima tun da hantsi, amma amai bai biyo baya ba sai bayan la'asar, kuma a lokacin hanya ta riga ta nutse. Tun shekaranjiya ake faɗa a rediyo cewa za a saki ruwa daga madatsar Goronyo, ga shi damina ta ƙi sassautawa. Gulbin Rima ya cika ya haura bakinsa, ya shanye gonakin shinkafa, ya rufe 'yar turbar da 'yan kabu-kabu ke bi daga Tungar Gambo zuwa titin Wurno. Tungar ta koma tsibiri, gidaje 'yan kaɗan a kan tudu, ruwa ta kowace fuska.

Uban yarinyar, Uwaisu, manomin fadama ne, shinkafa da damina, albasa da tafarnuwa da rani. Da magariba ya tafi wurin Mode, wanda shi kaɗai ke da jirgi a tungar. Ya dawo a jiƙe, ya tsaya bakin ƙofar ɗaki yana matse gefen rigarsa. Matarsa Sauda na zaune a tabarma, yarinyar na kwance a cinyarta.

"Mi yac ce, Malam?"

"Sai gari ya waye. Ya ce ruwan na tahe da itace manya-manya, bai ganin su cikin duhu."

"Ka hwaɗa mai yadda jikin nata yake?"

"Na hwaɗa mai. Ya ce in jirgi ya kihe, gida biyu za a yi ma gaisuwa, ba guda ba."

Sauda ta sunkuyar da kai ta gyara wa yarinyar zane. Salima ba ta daɗe da cika shekara ba, ita ce ke nan gare su. Jiya kamar yanzu tana dafa bango tana bin kaji. Yau ko kukan kirki ba ta iya yi.

Da Inna Larai na gida, da babu wanda zai yi gardama. Ita ce mahaifiyar Uwaisu, kuma tun da aka haifi Salima duk ciwon da ya taɓa ta, Inna ce ke cewa a yi kaza, a bar kaza. Sai ga shi ta tafi suna Wurno, ruwa ya tare ta can. Wannan ne dare na farko da su biyun suka tsinci kansu da yaro marar lafiya babu babba a kansu.

Sauda tana da abu guda da ta dogara da shi. Ranar da ta kai Salima rigakafi, malamar asibiti ta raba wa mata wata 'yar leda mai ƙyalli, garin gishiri da sukari a ciki, ta yi musu bayani. Sauda na can baya a layi, yara na ta kuka, abin da ya iso kunnenta shi ne: in zawo ya kama yaro, a dama wannan a ruwa mai tsabta, a yi ta ba shi, kada a bari ya bushe. Ta riƙe wannan da kyau. Da yamma ta tafasa ruwa, ta bari ya huce, ta dama garin a babbar gorar roba. Leda ɗaya ce gare ta, kuma ta ƙare a cikin gorar nan.

Bai wa yaro abin sha kuwa, a wurin Sauda, ɗura ne. Haka aka yi mata, haka duk matan tungar ke ba 'ya'yansu kunu. Uwa ta kwantar da yaro a cinya, ta kafa tafin hannu a bakinsa kamar mazurari, ta zuba abin shan a ciki, ta toshe masa hanci da yatsa. Ya so, ya ƙi, sai ya haɗiye.

Yanzu ma abin da ta yi ke nan. Ta tsiyaya a kofi, ta danne ƙafafun Salima da gwiwar hannu, ta kafa tafi ta zuba. Yarinyar ta yi ƙoƙarin kau da kai, ta haɗiye, ta sake haɗiyewa, ta ƙware. Sauda ta ɗaga ta tana bubbuga bayanta. Ba a jima ba duk abin ya dawo, wani ta baki, wani ta hanci, ya jiƙa zanen uwar har ƙasa.

"Ya isa," in ji Uwaisu.

"Bari ta numhwasa in ƙara mata."

"Na ce ya isa, Sauda. Tun la'asar nike kallo. Kin zuba, ya hito ta sama. Kin zuba, ya hito ta ƙasa. In magudana ta hwashe ba a ƙara mata ruwa, inji aka kashewa. Ki bar cikin ga shi huta har sahe."

"Har sahe? Malam, zo ka gani."

Ta kama yatsansa ta ɗora a tsakiyar kan yarinyar, wurin maɗiga. Wurin ya lotsa, kamar an danna tuwo da babban yatsa. Ta haska fitila a fuskarta: idanu sun faɗa, leɓe ya bushe ya yi fari.

"Tun azahar ba ta yi hitsari ba. Kuka takai babu hawaye. Bushewa takai, Malam, ina gani da idona."

"Aman ne ka busar da ita. Kuma wa ka kawo aman?"

Sauda ta dube shi. Bai jira amsa ba, ya ɗauki gorar ya rufe, ya kai ta bakin ƙofa, ya zauna kusa da ita ya jingina da bango.

Ɗakin ƙarami ne. Gado da gidan sauro sun cinye rabi, buhunan iri da injin ban ruwa da aka shigo da shi don gudun ambaliya sun cinye wani sashe. Abin da ya rage tabarma ce da 'yar hanya zuwa ƙofa. In ɗayansu ya miƙe ƙafa sai ta taɓa ta ɗayan. Ruwan sama na dukan kwano, a bayansa kuma akwai wata ƙarar da ba ta yankewa, ƙarar gulbi yana wucewa ta inda jiya gona ce.

"Kira Inna," in ji Sauda.

Ya ciro waya. Caji ya kusa ƙarewa, sabis kuwa ba ya samuwa sai an tsaya bakin ƙofa an ɗaga hannu. Ya buɗe ƙofar kaɗan, iska ta shigo da feshi. Ya kira, ta ƙi shiga. Ya sake, ta shiga. Ya buɗe muryar wayar don Sauda ta ji, ya yi bayani da ƙarfi, yana maimaita kowace kalma. Muryar Inna ta zo a yayyanke, kamar daga ƙasan rijiya.

"...ku ba ta ruwa... maɗigar... Allah shi..."

Wayar ta yi duhu. Ya danna, ya girgiza ta, ya cire batir ya mayar. Ta mutu.

"Kin jiya," in ji shi. "Kak ku ba ta ruwa."

"Ina kaj ji kak? Ku ba ta ruwa, tac ce."

"Akwai kak a gaba. Ƙarar ruwa ce tac cinye ta."

"Ikon Allah. Duk maganar Inna, ƙarar ruwa ba ta ga abin ci ba sai ita?"

"Na san muryar uwata."

"Ni ma kullum da ita nike wuni, kai kana fadama."

Ya rufe ƙofa ya sa sakata. Ya yi sallar isha'i a 'yar hanyar da ke tsakanin tabarma da ƙofa, kansa na kusan taɓa buhu in ya yi sujada. Da ya idar ya tofa addu'a a tafinsa ya shafa wa yarinyar a kai da ƙirji. Sauda ta ba shi wuri ya yi, har ta ce amin. Daga nan ta ba Salima nono. Yarinyar ta kama, ta ja kaɗan, ta saki. Ta sake sa mata, bakin ya tsaya a buɗe kawai.

"Ko nono ba ta iya ja," in ji Sauda, ba tare da ta dube shi ba.

"Kwana taka ji. Bar ta ta yi kwana."

"Wanga ba kwana ba ne."

Zawo ya sake zuwa, ruwa tsagwaron. Sauda ta wanke ta, ta canja tsumma, ta jefa jiƙaƙƙen a roba tare da sauran. Tsummokaran sun ƙare, ta yage gefen tsohon zane. Duk wannan Uwaisu na riƙe mata da fitila. Ta ga yadda yake cije leɓe.

"To buɗe mani ƙohwa," ta ce. "In goya ta in tahi. In ka hana ni ba ta, kak ka hana ni hita."

"Ki tahi ina? Ruwan ya kai mani nan a bakin turba." Ya nuna ƙirjinsa. "Nan hwa bakin ne, ba tsakiya ba."

"In tada Mode da kaina."

"Ki tada shi. Abin da yac ce mani shi za shi ce maki, sai dai ki jiƙa yarinya a banza."

Ta san gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya fi ciwo. Ta koma ta zauna. Maƙwabta na nan, amma kowane gida na fama da nasa: wasu na kwashe hatsi daga rumbu, wasu na tare ruwa da buhunan ƙasa. Kuma ko ta kira wata, abin da za ta zo da shi jiƙo ne, shi ma ta hanyar ɗura. Ba shi ne zai raba gardamar ba.

Dare ya yi nisa. Uwaisu ya sunkuyar da kai a kan gwiwa, numfashinsa ya daidaita. Sauda ta jira. Ta taɓa fatar cikin Salima ta ɗan ja, fatar ta tsaya a tattare, ba ta koma da sauri ba. Sai ta kwantar da ita a hankali, ta miƙa hannu ta bayan ƙafar mijinta, ta jawo gorar. Ta buɗe marfin a cikin zane don kada ya yi ƙara. Ba ta nemi kofi ba. Ta ɗora yarinyar a cinya, ta kafa tafi, ta karkata gorar.

Hannunsa ya damƙe wuyan hannunta.

Ashe ba barci yake ba. Ta fizge, ya riƙe, gorar ta kuɓuce ta faɗi. Kafin ya cafe ta, fiye da rabi ya zube. Ruwan ya bi daɓen ƙasa da gudu, ya wuce ta gefen tabarma, ya fice ta ƙarƙashin ƙofa.

Suka tsaya suna kallon inda ya bi.

"Ka gani?" Muryar Sauda ta yi ƙasa sosai. "Babu wata ledar. Ita kenan. In yarinyag ga ta mutu da ƙishirwa, ga ruwa ya kewaye gari, kai za ka hwaɗa ma Inna. Ni ba ni iyawa."

"In kuma ta shaƙe a hannunki hwa? Wa za shi hwaɗa?"

"Wa ka shaƙewa da ɗura? Duk da ita munka girma."

"Ba duka ba."

Ya saki hannunta. Ya rufe gorar, ya riƙe ta a cinya da hannu biyu.

"Ina da ƙane, Attahiru. Ba ki san shi ba, Inna ba ta son zancen. Kamar Salima yake, ko ya ɗan hi ta. Shi ma zawo ne. Gwaggona ta zo ta ce yunwa ce, a ɗura mai kunu. Ina tsaye nan kusa, ina kallo. Ya yi ta shure-shure, tana cewa ƙiwuya ce. Sai ya bar shurawa. Ta ce kun gani, ya karɓa. Da ta ɗauke hannu, kunun na nan cikin tahinta bai tahi ko'ina ba."

Sauda ba ta taɓa jin wannan ba. Ta dubi tafin hannunta, har yanzu da danshi, ta goge a zane.

"Allah shi jiƙan shi," ta ce.

"Amin."

"Amma Malam, in ban ba ta ba..."

"Na sani."

"In na ba ta kuma..."

"Na sani, Sauda."

Yana tsoron hannunta, tana tsoron jiransa, kuma kowa ya ga abin da ɗan'uwansa ke tsoro. Salima na kwance tsakaninsu, ido rabi a buɗe, ƙirjinta na ɗagawa da sauri-sauri.

Akwai wani wuri a rufin da ke yoyo, kusa da injin ban ruwa. Tun farkon dare yake ɗiga, ba su sami sukunin tara masa kwano ba. Uwaisu ya zuba wa wurin ido don ba ya iya kallon fuskar 'yarsa. Ɗigo ya faɗo, ƙasa ta shanye. Wani ya faɗo, ta shanye. Wurin ya yi baƙi ya yi taushi, faɗin tafin hannu, kuma ko kaɗan bai gudana ba. Ya juya ya dubi inda ruwan gorar ya bi. Mai yawa ne, amma sama-sama ya wuce. Ya kankare wurin da farce, ƙasan a bushe take.

Wannan abu ne da ya sani tun yana yaro a bayan mahaifinsa. Fangalin albasa in ya sha rana ya ƙeƙashe, ba a sakar masa tiyo gaba ɗaya. Ruwan zai bi ta kai ya balle kunya, ya tafi da iri, a bar ƙasa da ƙishirwarta. Sai an fara yayyafa masa, a jira, a sake yayyafawa, har ƙasa ta buɗe. Ba a kuma cewa tunda ya ƙi ruwa a bar shi har gobe. Wanda ya yi haka ya rasa fangalin.

"Ina cokalin shayi?"

"Mi za ka yi da shi?"

"Ke dai ba ni."

Ta laluba cikin kwanuka ta miƙa masa. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce ta ɗora masa yarinyar, ba a kwance ba, a jingine da ƙirjinsa, kanta a sama. Ya tsiyaya kaɗan a kofi. Ya ɗebi abin da bai cika rabin cokali ba, ya taɓa gefen leɓenta da shi. Ruwan ya tsaya a bakin, ya gangara ciki. Suka ga maƙogwaronta ya motsa.

Ya ajiye cokalin.

"Shi kenan?" in ji Sauda.

"A jira."

"A jira mi? Wanga ɗigon ko tsuntsu bai ƙoshi da shi. Malam, ɗiyata ba albasa ba ce."

"Da albasa ce da tuni na san abin yi. Riƙe mani hitila."

Ta riƙe. Ya karanta Ƙulhuwallahu a hankali, bai gaggauta ba, har ƙarshe. Ya sake ɗebowa ya sa mata. Ya sake karantawa. Haka ya mayar da surar ma'auninsa: cokali, sura, cokali, sura. Sauda na kallon kofin, ranta na tafasa, domin a ganinta ruwan ba ya raguwa. Sau da yawa hannunta ya motsa zai karɓi kofin, ta mayar da shi ƙarƙashin cinya ta danne.

An ɗan jima ana haka, sai Salima ta yunƙura. Amai ya zo, ba mai yawa ba, ya zubo a hannun ubanta.

Uwaisu ya saki cokalin cikin kofi. Fuskarsa ta canja.

"Kin gani. Ko hakan ma ba ta riƙewa. A bari."

"A'a."

"Sauda..."

"Dubi abin da tah hitar, dubi abin da ka ba ta. Bai kai ba. Saura na ciki." Ta goge masa hannu da gefen zanenta, ta goge bakin yarinyar. "Kai kac ce a jira. To a jira, a ƙara. Ba a bari ba."

"In ta shaƙe hwa?"

"Zaune take, hancinta a buɗe, babu mai danne ta. Ka huta kaɗan. In ba ka iyawa ba ni cokalin."

Ya dube ta, yana auna ko za ta koma wa tafin hannu. Ta gane.

"Wallahi da cokali. Ka riƙe ta kai, ni in ba ta."

Suka jira har numfashin yarinyar ya lafa. Sauda ta ɗebo. Cokalinta ya fi nasa cika, ya ce ta rage, ta rage. Ta sa a bakin, ya shiga. Ta kai hannu za ta ƙara.

"Ba ki karanta ba."

"Na karanta a zuci."

"Wace irin Ƙulhuwa ce wagga, ta ƙare kahin a buɗe baki? Karanta a hili in ji."

Ta harare shi, ta karanta a fili. Da ta yi sauri sai ya ja ayar ƙarshe tare da ita, dole ta bi shi.

Haka suka kwana. Ba wanda ya ce wa wani ka yi gaskiya. Zawo ya sake zuwa, suka wanke ta, suka koma kan cokali. Fitila ta fara dishewa, Sauda ta kashe ta don a tanadi batir, tana kunnawa sai in za ta ɗebo. A cikin duhu babu abin da ake ji sai ruwa a kan kwano, da gulbi, da muryoyinsu suna karɓa-karɓa da sura guda. Gadon bayan Uwaisu ya ƙage, ƙafarsa ta mutu, bai motsa ba don kada kan yarinyar ya zame. Wani lokaci barci ya fizgi Sauda da cokali a hannu, ya taɓa ta da gwiwa. Wani lokaci shi ne muryarsa ke nutsewa a tsakiyar aya, ita ta ƙarasa.

Kofin ya ƙare, suka ƙara. Wannan ma ya ƙare. Da Sauda ta ɗaga gorar ta haska, abin da ya rage bai fi yatsa biyu ba.

"In ya ƙare hwa?" in ji Uwaisu.

"Akwai sauran tahwasasshen ruwa a tukunya. Akwai nono, in ta karɓa."

Ta gwada. Salima ta kama, ta ja, ta huta, ta sake ja. Ba da ƙarfi ba, amma ba ta saki ba. Sauda ta ƙi ko numfashi mai ƙarfi. Da yarinyar ta gaji, ta mayar da ita ƙirjin ubanta, suka ci gaba da ɗan abin da ya rage.

Ruwan sama ya tsagaita gab da asuba. Daga masallacin tungar aka yi kiran salla, babu lasifika, muryar ladan kawai a kan ruwa. Uwaisu ya gyara zama zai miƙa wa Sauda yarinyar, sai ya tsaya. Wani ɗumi ne ke bin cinyarsa.

"Kunna hitila."

Ta kunna, ta ɗauka zawo ne. Ta ɗaga tsumman ta duba, ta kai hanci.

"Hitsari ne," ta ce. Ta sake dubawa. "Malam, hitsari ne."

Kaɗan ne, ja kamar shayi, amma ya jiƙa masa wando. Uwaisu ya dubi wurin, ya dubi yarinyar. Ita ma ta buɗe ido ta dube shi, ta yamutsa fuska, ta yi wani ɗan kuka mai rauni, irin na wanda aka dama.

"To, madalla," in ji shi. "Duk daren ga ina riƙe da ke, sakayyar kenan? Ga salla an kira, ga wandona guda mai tsarki."

Sauda ta yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, ta rufe fuska da zane. Bai hana ta ba. Ya ɗora yatsa a maɗigar Salima. Har yanzu a lotse take, ko da yake ba kamar da dare ba.

"Ba ta warke ba hwa," ya ce.

"Na sani. Sai mun kai ta."

Ya ɗaura zanen gado ya yi salla a ɗaki. Da ya sallame ya zare sakata ya buɗe ƙofa. Gari ya fara haske. Ruwa ya matso har gindin darnin gidan, jajaye, yana tafe da karan dawa da rassan itace, kuma babu alamar turba ko kaɗan. Can ƙasa ya hango Mode a tsugune cikin jirginsa yana kwashe ruwa da ƙwarya.

Sauda ta haɗa tsummoki a leda, ta juye sauran tafasasshen ruwan a wata gora. Ta ɗauko zanen goyo.

"Kak ki goya ta," in ji Uwaisu. "In tana baya ƙaƙa za a ba ta?"

Ta tsaya da zanen a hannu, ta ga haka ne. Ta lulluɓe yarinyar ta rungume ta a gaba. Shi ya ɗauki gorar da kofi, ya soke cokalin a aljihun riga, suka gangara.

Mode ya riƙe musu jirgin da sandar tuƙi har suka zauna, Sauda a tsakiya, Uwaisu na fuskantarta, gwiwa na taɓa gwiwa.

"Ƙaƙa mai jiki ta kwana?" in ji Mode.

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

"Ku zauna daidai, kak kowa shi motsa. Ruwan ga bai da kunya yau."

Ya tura. Jirgin ya yi tangal-tangal, ya miƙe, igiyar ruwa ta fara jan su gefe. Titin Wurno na can nesa, ɗan baƙin layi a ƙarshen ruwa. Uwaisu ya matse kofin tsakanin gwiwoyinsa, ya tsiyaya na ƙarshen gorar, ya ɗebo rabin cokali. Jirgi na rawa, hannunsa na bin rawar, ya jira har ya sami daidai, ya kai bakin Salima. Ta buɗe da kanta.

Sauda ta fara karantawa.